Adireshin Lalla Zuhur

Shugaban makarantar bai ce mini in zauna ba. Ya duba katin shaidata, ya ga an rubuta Sala, garinmu na tsallaken kogi, ya turo mini shi ta kan tebur da ɗan yatsa.

"Lalla Nuhaila, nan fa Rabat ne. Makarantun Sala sun ƙare ne?"

Na ce ba su ƙare ba. Na yi masa bayani a tsaye: 'yata Gita shekararta shida, kuma tun tana 'yar huɗu take da ciwon suga. Kafin kowane abinci sai an yi mata allura, wani lokacin kuma sugan ya faɗi ba sallama, ta jiƙe da gumi, idonta ya juya. Na nuna masa ta tagar ofishinsa kantin maganin da nake aiki, a tsallaken titi. Makarantar unguwarmu kuwa, in aka kira ni, sai na hau jirgin tiram na ƙetare gada, sannan na nemi tasi.

"Kowace uwa da ta shigo nan da dalilinta take zuwa," in ji shi. "Ajin ɗaya ya cika har bakin ƙofa da 'yan unguwa. Ki kawo mini shaidar zama daga mukaddam, wato mai unguwa, wadda ta nuna yarinyar a unguwar nan take. Ranar Alhamis muke rufe ɗauka."

Mutum ɗaya na sani mai gida a unguwar, Lalla Zuhur, mahaifiyar Anwar, tsohon mijina. Aurenmu ya mutu shekara uku da suka wuce, shi kuma ya koma Faransa da zama. Rabona da ita tun a farfajiyar kotu, ranar da alƙali ya bar mini riƙon Gita. Ta wuce ta gabana a ranar ba ta ko dube ni ba.

Da na faɗa wa Siham, abokiyar aikina, cewa adireshin tsohuwar zan roƙa, sai ta ajiye kwalin da take jerawa.

"Nuhaila, kanki ɗaya kuwa? In aka rubuta yarinyar nan a gidan kakarta take zaune, gobe-gobe takardar tana gaban alƙali. Za su ce uwar ta kasa, ta jefar da ita wurin tsohuwa. Da hannunki za ki miƙa musu ita."

"To in yi yaya?"

Siham ta ci gaba da jera kwali.

Da la'asar na hau benen gidan Lalla Zuhur. Hawa na uku ne, ƙofar har yanzu shuɗiya. Lalla Zuhur ta buɗe da kanta, ta rame fiye da yadda na san ta, amma tsayuwar tana nan.

"Wani ne ya mutu?" ta tambaya.

"Babu wanda ya mutu, Lalla. Maganar Gita ce."

Ta matsa na shiga. Ba ta kawo shayi ba. Na faɗa mata komai, tana jan carbi tana kallon bango. Da na gama ta ce, "Wato so kike in yi wa hukuma ƙarya da furfurata."

"Adireshi kawai nake roƙo."

"Adireshi kawai." Ta ɗan yi dariya ta hanci. "Shekara uku ba ki taka benen nan ba, jikata sai a hoto nake ganinta. Yau kin tuna da adireshina."

Can ta ce in kawo yarinyar ranar Laraba da safe, za ta aika a kira Si Bushta, mukaddam ɗin unguwar.

"Me za ki ce masa?"

"Abin da zan faɗa ni na sani."

Safiyar Laraba na cika jaka da kayan Gita: riguna, takalmi, 'yar tsanarta, buroshin haƙori. A cikin tiram na so in koya mata abin da za ta ce, na buɗe baki, sai na ga tana ƙirga jiragen masunta a kogi tana nuna mini su da yatsa. Na kasa. Abin da na iya ce mata kawai shi ne, in wani mutum ya zo, ta gaishe shi ta yi shiru.

Lalla Zuhur ta daɗe riƙe da fuskar yarinyar a tafin hannunta. Sannan ta tsaya bakin ƙofar tsohon ɗakin Anwar tana kallona ina baza riguna a kan gado, ina ajiye takalmi a ƙasa kamar an tuɓe shi jiya.

"Kin iya shirya wasan kwaikwayo," ta ce.

Si Bushta ya iso wajen hantsi, yana haki saboda benen. Mutum ne mai tumbi, da jallabiya ruwan toka a kan kwat. Babu gidan da bai sani ba a unguwar, ya san wanda ya tare da wanda ya tashi, har da wanda ya kawo baƙo ya kwana. Ya sumbaci kan Lalla Zuhur, ya zauna, ya karɓi shayin na'a-na'a da misamman, wainar fulawa mai zuma. Ni kuwa ya dube ni sau ɗaya kawai.

"Lalla Nuhaila ce, ko? Kwana biyu. Ai na ɗauka kina tsallaken kogi."

"Ina aiki a nan ƙasa, Si Bushta."

"Na sani, a wurinku nake sayen maganin hawan jini. Amma aiki daban, wurin kwana daban." Ya kurɓi shayi. "Bana an matsa mana. Makon jiya na tarar da yara shida a adireshin wani gareji. Gareji fa, Hajiya, da mota a ciki."

Ya yi dariya shi kaɗai. Gita tana zaune a gefen kujera tana kallon zumar da aka hana ta. Ya sunkuyo wajenta.

"Ke kuma 'yar barewa, yaya sunanki?"

"Gita."

"Masha Allah. A ina kike kwana, Gita?"

Ta dube ni. Na sa idona a kan kofin da ke hannuna.

"A Sala," ta ce. "Kusa da gidan burodi. Amma yau Mama ta kawo kayana nan."

Na ajiye kofin. Si Bushta ya koma ya jingina, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Bai yi fushi ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

"Yaro ba ya iya ɓoye magana," ya ce. "To, Hajiya, ga hanya mai sauƙi, don girmanki. In rubuta yarinyar ita kaɗai, tana zaune a hannun kakarta. Jikarki ce, babu mai cewa komai. Uwa tana Sala, 'ya tana nan. Kin amince, yanzu in sa hannu."

Ya zaro biro. Maganar Siham ta faɗo mini kamar a kunnena take yinta. Na so in ce a'a, in kwashe kayan in ja 'yata mu sauka. Na kuma tuna gobe Alhamis. Na juya ina kallon Lalla Zuhur. Abin da ta nema a kotu ta rasa, ga shi an kawo mata har falo a kan faranti.

Ta ɗauki butar shayi, ta ɗaga ta sama, ta ƙara masa a kofi. Hannunta yana rawa, kaɗan ya zuba a tire. Ta ajiye butar a hankali.

"Rubuta mutum biyu," ta ce. "Ita da uwarta."

"Hajiya, yanzu yarinyar ta ce..."

"Ta faɗi inda ta kwana jiya. Ni ina faɗa maka inda za su kwana daga yau. Ga ɗaki can, ka leƙa."

Ya dube ta, ya dube ni. "Lalla Nuhaila, haka ne?"

Ban san lokacin da na ce "Haka ne" ba.

"Zan dawo fa, kuma ba zan aiko ba. Zan tambayi mai gadi, zan tambayi maƙwabta. In na tarar da ɗakin nan babu kowa, ni da kaina zan je makarantar."

"Ka dawo duk ran da ka ga dama," in ji Lalla Zuhur. "Amma ka ci abinci a gidanku, zumata ta kusa ƙarewa."

Ya yi dariya, ya rubuta, ya ce in biyo ofis da azahar a buga hatimi.

Da ƙarar takalminsa ta ɓace a benen, na tura Gita ɗaki, na rufo ƙofa.

"Lalla, ban ce zan dawo gidan nan ba."

"Kin faɗa, a gaban mutumin hukuma. Ni dai ban yi ƙarya ba, ke ma kada ki mai da ni maƙaryaciya."

"Ina da gidana."

"Ki je can Asabar da Lahadi." Ta fara tattara kofuna. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Anwar ya kira jiya. Na faɗa masa. Ya ce in tabbata sunan yarinyar kaɗai aka rubuta, lauyansa zai san abin yi."

Na nemi kujera na zauna.

"Kada ki yi mini wannan kallon, ba don ke na yi ba. Tambayarsa na yi sunan allurar da ake yi wa 'yarsa, ya ce zai duba. Ni kuma dubi hannuna." Ta miƙo shi yana karkarwa. "In ta faɗi a gidan nan ni kaɗai, me zan yi mata? In karanta mata Yasin?"

Gita ta shiga makarantar. Aka ba ta kujerar gaba, malamarta kuma ta karɓi lambar kantinmu. Si Bushta ya cika alkawari, ya zo sau biyu ba sanarwa. Na farko ya tarar da ni ina shanya a baranda, na biyu ya tarar muna musu da Lalla Zuhur a kan gishirin miya, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ya gamsu, ba sai ya shigo ba.

Zama da Lalla Zuhur ba daɗi gare shi ba. Tana gyara mini ninkin zanin gado, tana ɓoye wa Gita dabino a aljihu, sai na bi na kwashe. Anwar kuwa tun daga ranar bai sake kiranta ba. Ba ta taɓa yin zancen ba, amma wayarta ba ta barin cinyarta.

Wata Asabar muna shirin tafiya Sala, na gan ta zaune a falo, tagogi a rufe. Na ce ko za ta biyo mu, mu ci kifi a can.

"Me na ajiye a Sala?" ta ce. Har mun kai bakin bene ta leƙo. "In kin bi ta kasuwarku ki sayo mini na'a-na'a. Ta nan duk ba ta da ƙamshi."