Bangon da Ba Ya Jinginuwa

Gado magini ya ɗebo kwaɓin siminti mai tsakuwa a cokalinsa, ya watsa wa bangon, fat! Ya ƙara, sannan ya ja baya yana goge hannu a wando.

"Ga samfuri, Alhaji. Wannan watsi ne, ruwan damina ba ya cinsa, ba ruwanka da fenti duk shekara. Ko kuma in shafe maka shi sumul kamar da."

Alhaji Shu'aibu ya tsaya yana duban bangon gidansa. Tun da ya bar fataucin shanu a kasuwar Farcha ya zauna gida a unguwar Diguel, gindin bangon nan ne majalisarsa. Nan tsofaffin abokansa ke shimfiɗa tabarma kowace la'asar.

"Mai tsakuwar za a yi," in ji matarsa Hajiya Rabi daga bakin ƙofa. "Alhaji, dubi tsohon bangon don Allah. Kowane abokinka ya bar mana hoton ƙeyarsa da maiƙo. Masu babur su jingina, awaki su sosa baya. Ga dangin amaryar ɗanmu Fa'iz za su tsallako daga garin Kousseri ganin gida. Haka za su tarar da mu?"

Alhaji ya dubi jerin tabon. Har ya gane na kowa. Amma maganar surukan ɗansa ta shige shi.

"Watsa, Gado," ya ce.

Bangon ya bushe, ya fito fes, launin ƙasa mai haske. Masu wucewa har rage tafiya suke yi. Alhaji ya sa sabuwar jallabiya ya fito jiran jama'a.

Malam Idris ne ya fara zuwa, mai fama da ciwon baya. Ya yi sallama, ya yaba aiki, ya zauna, ya saki jikinsa baya kamar yadda ya saba. Sai ya zabura.

"Subhanallahi! Shu'aibu, bango ka yi ko bushiya?"

Wajen tashi tsakuwa ta kama masa riga. Sauran suka iso, aka sha dariya, kowa ya gwada ya ji. Daga nan sai suka naɗe tabarmar suka tsallaka titi zuwa tsohon bangon Abbas tela, mai tsaga, amma sumul.

Alhaji ya zauna kan kujerar roba shi kaɗai, bayansa a miƙe kamar mai jiran likita. Dariyarsu na isowa, labarin ba ya isowa. Shayin da Hajiya ta kawo ya fara hucewa.

Can ya miƙe, ya ɗauki butar shayin da kofuna.

"Ina kuma za ka?" Hajiya ta tambaya.

"Zan duba aikin Gado daga nesa."

Malam Idris ya gusa masa ba tare da ya dube shi ba. Alhaji ya zauna, ya jingina, ya sauke numfashi.

"Gaskiya daga nan ya fi kyau," in ji Malam Idris.

"Ai don haka na yi shi," Alhaji ya ce, yana zuba masa shayi.