Wake a Bayan Allo

"Babu mai fitar min da buhunan nan," in ji Alhaji Basiru. "Shekaranjiya aka sa musu magani. So kake ƙwari su cinye min wake?"

"Alhaji, ƙarfe goma za su iso."

"To su iso mana. Gwamna ne?"

Madu mai gadi ya dubi buhunan. A tsakiyar aji shida suke tsaye, buhu talatin jibge har kusa da taga. Shekara guda ke nan ajin babu malami, aka kulle shi. Da kaka ta yi, Alhaji ya karɓi makulli a hannun Madu ya zuba wakensa. Shi ne shugaban kwamitin makarantar, shi ya kai sunan Madu ƙaramar hukuma aka ba shi gadi. Madu bai iya ce masa a'a ba.

Jiya da yamma hedimasta ya bugo waya daga Minjibir. Ƙaramar hukuma za ta buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, a share aji shida.

"Ga sito nan a bayan allo," Alhaji ya ce daga ƙarshe. "Mu tura su ciki. Leda biyu ce a kowane buhu, ba abin da zai fita."

Suka tura. Ɗan ɗaki ne matsattse, bangon da ya raba shi da ajin bai kai rufi ba, babu silin. Wajen jan na ƙarshe ƙusa ta kama buhu ta yaga shi. Wake ya zubo, tare da tsumman da aka ƙulle ƙwayar maganin da manoma ke ce wa bom. Rabinta ta zama toka. Wari kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa ya bugi Madu, kansa ya sara. Alhaji ya tura tsumman ciki da ƙafa, ya ja ƙofa.

Madu ya share ajin sau biyu. Ya buɗe tagogi shida duka. Iska na shiga ta gabas tana fita ta yamma. Ya ce wa kansa hakan ya isa.

Mata suka fara zuwa tun kafin goma. Falta, matarsa, tana cikin na farko, goye da Khairat 'yar wata bakwai. Ta ɗaura sabon zani. Ta daɗe tana cewa ta gaji da kai wa maƙwabta katin asibitin yarinyar su karanta mata.

"Baban Khairat, ka ga ɗaliba?" Ta ɗaga masa fensir. "Yau ni ma ka buɗe min ƙofa."

"Ki zauna kusa da taga," ya ce.

"A'a. Gaba zan zauna, kusa da allo. Wa ya ce maka wasa na zo?"

Motar ƙaramar hukuma ta tsaya. Hajiya Ramlat, jami'ar ilimin manya, ta fito da ma'aikata biyu ɗauke da talabijin da batirin sola. Ta yi jawabi a taƙaice, aka tafa. Aka kunna talabijin, harafi ya fito babba, amma hasken rana ya cinye shi.

"Ba ma gani!" wata tsohuwa ta ce daga baya.

"Malam mai gadi," in ji Hajiya, "taimaka ka rufe mana tagogin nan."

Ya tsaya.

"Malam?"

Ya rufe. Ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa. Ya fita, aka tura ƙofa a bayansa.

Alhaji Basiru bai shiga ba. Yana gindin darbejiya a kan benci, yana jan carbi.

"Alhaji, sun rufe tagogi."

"Awa ɗaya ce."

"Buhun nan a yage yake."

"Madu." Alhaji ya rage murya. "In ka buɗe baki, ni kwamiti kawai zan bari. Kai fa? A takardar ƙaramar hukuma sunan wa aka rubuta da makulli?"

Daga cikin ajin muryoyi suka tashi tare. "Ba! Bi! Bu!" Sai dariya. Madu ya gane muryar Falta, ta fi ta kowa ƙarfi.

Ya zagaya bayan ajin. Kwanon rufi ya ɗauki zafi yana ƙara. Ya tuna wani gida a ƙauyen kawunsa, inda aka ajiye wake mai bom a ɗakin da yara ke kwana. Bai je jana'izar ba, amma ya ji yadda aka jera su. Ya dawo gaba. Ya sa hannu a ƙofa, ya janye. Ya koma wajen famfo ya wanke fuska. Minti ashirin. Talatin. Wata ta yi tari a ciki. Wata ta amsa.

Ƙofa ta buɗe, tsohuwar nan ta fito tana dafe da bango. Ta tofar da yawu.

"Ɗan nan, wa ke girki da tafarnuwa a makaranta? Kaina juyawa yake."

Madu ya ruga gindin bishiya, ya ɗauki ƙarfe ya shiga dukan tsohon wilin motar da ake tashin yara da shi. Bai daina ba sai da Alhaji ya riƙe masa riga. Ya fizge, ya banke ƙofar ajin.

"Ku fito! Akwai bom ɗin wake a sito! Ku fito!"

Matan ƙauye ne, babu wadda ta tambayi ma'ana. Suka yo waje suna ture benci, takalma a warwatse. Biyu suka durƙusa suna amai. Hajiya Ramlat na ƙwala wa direba kira. Alhaji Basiru ya riga ya kai bakin hanya a kan babur ɗinsa.

Falta ce kusan ta ƙarshe. Ta kwance goyo. Khairat ba ta yi kuka ba duk da wannan hayaniya. Idonta a lumshe, ƙirjinta na ɗagawa da sauri da sauri.

Aka sa Falta da yarinyar a bayan mota, Madu ya shiga ba tare da an ce ya shiga ba. Mota ta kama hanyar asibiti, gonakin dawa na wucewa. Falta na hura wa yarinyar iska a fuska tana kiran sunanta. 

Falta ba ta ɗago ba.

"Baban Khairat," ta ce, "tun yaushe ka sani?"