Igiya Ta Bakwai

Bunsurun ya sake fizge igiya a karo na uku, ya nufi lambun albasar da ke bakin hanya, awaki biyar suka rufa masa baya kamar an kira su biki. Cima ta turje da ƙafafu biyu, zanenta na neman kwancewa, ta surfa masa zagin da bai dace da mace mai jikoki ba.

"Ɗan banza mai warin tsiya! Kai dai in Nasara ya ɗauke ka yau, har godiya zan yi mai!"

Maƙwabciyarta Biba, wadda ke gaba da nata awakin uku, ta yi dariya har da riƙe ciki. Cima ba ta ga abin dariya ba. Tun hantsi suke tafe zuwa kasuwar Tama, ga zafin bazara, ga tsakuwar hanya tana cin tafin ƙafa.

Shekaranjiya ne mai shela ya zaga ƙauyensu, ya ce kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya turo likitan dabbobi daga Madawa, kowa ya kai awakinsa gindin gawon kasuwa a duba su, saboda ciwon huhu ya ɓulla a yankin. Ko mutum ɗaya bai yarda ba. Bara ma da daɗin baki aka zo, aka ce dubawa ce kawai, aka kora masu ƙibar aka tafi da su, wai abincin sojan da ke yi wa Nasara yaƙi a can wata duniya. Wanda maciji ya taɓa sara kuwa, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Saboda haka kowa ya yi abin da aka saba: a kai wa hukuma tsofaffi da ramammu, ta kirkin a sakaya ta gidan dangi har ƙura ta lafa.

Ta kirkin Cima ita ce Goshi, jar akuya mai farin tabo a tsakanin ƙahonni. Jikar jikar akuyar da innarta ta ba ta ce ranar da aka kai ta ɗakin miji. Yunwar shekarar fara ta cinye sauran zuriyar, Goshi kaɗai ta rage, ga ta kuma da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Cima tana son akuyar nan, so na gaske, wanda ba ta jin kunyar faɗa.

Jiya da la'asar ta ja ta har Tungar Rabe, ƙetaren kwari, wajen ƙanenta Isaka. Ya tarbe ta yana sosa ƙeya.

"Yaya, da kin bar ta gida dai."

"Kwana biyu ɗai, Isaka. Ko ciyawarka ta hi ƙarhin akuyar innarmu?"

Ya kauce ya ba ta hanya. Ƙane ba ya mayar da amanar yayarsa daga bakin ƙofa. Ta kwance igiyar da hannunta, ta tura Goshi cikin garkensa. Ta ga garken ya yi fili, ya ce saura suna kiwo. Ta ga nama shanye a kan igiyoyi har bayan ɗaki, ya ce baƙi ya yi. Da za ta tafi ma ya naɗe mata cinya guda a ganye. Isakan da ko ƙashi ba ya jefa wa kare sai ya tsotse shi! Ta dawo gida tana sa masa albarka, tana cewa ashe girma ya fara zo masa.

Gindin gawon ya cika maƙil kafin su isa. Wani gardi, dogarin hukuma mai jar hula, yana ta kaɗa bulala yana jera mutane, sai ya jera nan can ya watse. Aka fara da awakin maigari, sannan na liman, sannan na duk wani mai rawani. Mata aka ce su dakata. Inuwar da ke akwai kuwa maza sun mamaye ta, su Cima sai rana.

Bunsurun ya cinye gefen faifan Biba. Wata tsohuwar akuyar Cima mai karyayyen ƙaho ta kwanta ta ƙi tashi. Igiyoyi shida suka sarƙe wuri guda, Cima ta tsuguna tana warwara tana tsaki, ƙishirwa ta busar mata da maƙogwaro.

"Wanga wulaƙanci har ina?" in ji ta. "In ɗauka za su yi, su ɗauka mu tahi mana!"

Da layi ya matso sai ta ga likitan sosai. Ashe ba Nasara ba ne. Wani saurayi ne siriri ɗan garin Buza, Alƙasim, wanda ya yi lakkol, makarantar Nasara, aka koya masa aikin dabbobi. Kakinsa ya jiƙe sharkaf da gumi. Shi ma da gani ransa a ɓace yake. Ya saki wata ramammiyar akuya, ya miƙe, ya dubi taron.

"Ikon Allah! Ƙasa guda, tun sahe, ban ga akuya mai ciki ba ko ɗaya. Bunsuranku azumi suka yi?"

Aka yi ƴar dariya, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Cima ta shiga gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Sai bayan azahar aka zo kanta. Alƙasim ya ce, "Sannu da rana, Inna," ya kama bunsurun ya matse shi tsakanin gwiwoyi. Ya buɗe masa baki ya duba dasashi, ya ja fatar ido, ya leƙa hanci ko da majina. Ya sa wata roba a kunnuwansa, ya ɗora bakinta a kan haƙarƙari, ya yi kasaƙe yana sauraro. Sannan ya ɗaga wutsiya ya zura wani ɗan tsinken gilashi.

"Subhanallahi!" Cima ta kau da kai. "Wanga kuma mi na?"

"Zahin jiki nika aunawa, Inna. In zazzaɓi ya kama ta, nan za shi nuna tun ba ta hwara tari ba."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Mai karyayyen ƙahon ya tsaga mata kunne kaɗan, ya shafa jinin a kan wani ɓallin gilashi ya ajiye. Duk wadda ya gama sai ya goga mata shuni a gadon baya. Cima tana tsaye tana jiran lokacin da zai nuna wa gardi wadda za a ja.

"Lahiyarsu lau, dut shidda. Kina iya tahiya."

"Wace za ka ɗauka?"

"In ɗauka in kai ina? Ni ko kaza ba ni da wurin ɗaurewa."

Maimakon ta ji daɗi, sai haushi ya turnuƙe ta. Wuni guda a rana, ga tafiyar jiya har ƙetaren kwari da dawowa, duk a kan iska. Ta tattara igiyoyinta a fusace. Idon Alƙasim ya sauka a kan ƙugunta, inda igiyar Goshi take naɗe tun jiya, ta manta ba ta kwance ba.

"Awaki shidda, igiya bakwai?"

"Ta itace ce," in ji ta, ba ta dube shi ba.

Bai ja maganar ba. Ya wanke hannu a ƙwarya, ya ce mata abin da yake gaya wa kowa, da muryar wanda ya gaji da maimaitawa.

"Ki tsare su gida. Kada su sha rijiya guda da baƙin bisashe. Kuma ko da wasa kada su kusanci Tungar Rabe."

Cima ta tsaya cak.

"Mi ya samu Tungar Rabe?"

"Can ciwon yake. Kwana goma suna mutuwa, mutanen sunka ɓoye, suna yankawa suna shanya nama don kada hukuma ta ji. Ungulu ta tona su. Yau da sahe anka kai gardi, bisa ba ta shiga ba ta hita sai bayan kwana arba'in. Gobe zan tahi in duba. Mai zazzaɓi yankawa za a yi a binne."

Garken da ya yi fili. Naman da ke kan igiyoyi. Cinyar da ta dafa jiya har ta aika wa Biba a ƙoƙo. Sai yanzu Cima ta gane. Da Isaka yana kusa da ta shaƙe shi. Amma ai ya ce ta bar ta gida, ita ce ta rufe masa baki da sunan innarsu. Ya ɓoye wa hukuma, ita ma ta ɓoye wa hukuma, ɓuyan nasu ya haɗu a garke guda.

"Wadda ta kwana ɗaya tak cikinsu hwa?" Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

Alƙasim ya dube ta, ya dubi igiyar.

"Numhwashi ɗai ya isa, Inna. Tana iya kamuwa, tana iya tsira, Allah ɗai ya sani. Sai an tsare ta an gani. Amma wanda ya hiddo ta ya gama ta da masu lahiya..." Bai ƙarasa ba, ya nuna awakinta da haɓa.

Biba ta ja ta gefe, ta raɗa mata a kunne.

"Gardin guda na, kuma bakin rijiya za shi zamna. Ki bi ta kwazazzabo yanzu. Kahin magariba kin hiddo ta, ba wanda ya gani."

Cima ta san kwazazzabon kamar tafin hannunta, a nan ta yi kiwo tana yarinya. Ta hango kanta tana jawo Goshi a hankali saboda cikin, tana ɗaure ta a turkenta. Turken nan kuwa taku biyu ne tsakaninsa da na sauran, dangar kara ce kawai ta raba su da awakin Biba, bayan na Biba sai na dukan unguwa. Ta dubi shidan da ta wuni tana zagi. Mai karyayyen ƙahon tana lasar jinin kunnenta. Bunsurun ya samu sauran faifan yana ƙarasawa, shunin bayansa yana ƙyalli a rana.

Gardi ya daka mata tsawa ta ba na baya wuri. Sai ta miƙa wa Biba igiyoyi shida, ta koma gaban Alƙasim.

"Likita, bakwai na."

"Na sani, Inna."

"Gidan Isaka take. Ja ce, da hwarin tabo a goshi, cikinta ya tsuhwa. Kada ka matse ta da gwiwa kamar waɗanga. Kuma ba ta son a kama mata kunne, ƙaho za ka riƙe."

Ya ɗaga kai alamar ya ji. Ta kwance igiyar daga ƙugunta, ta naɗe ta a tsanake, ta ɗora masa a kan akwatin gilasansa.

"In ta kai kwana arba'in ɗin, da wagga za a jawo min ita. Ba ta bin wata."