Kwalbar da Ba a Buɗe Ba

Ƙarfe takwas daidai, kamar yadda ya saba shekara goma sha ɗaya, ma'aikacin ɗakin binciken ya ɗiga sinadarin folet cikin ruwan da ƙwayoyin halitta ke kwance. Bai taɓa makara ba. Agogo abokan aiki ke ce masa, yana kuma amsawa.

Ya san aikin ɗakin ciki da bai. Ƙwayar cuta ake kamawa a zare mata dafi, a ɗora mata gadon halittar da ke sarrafa folet a jikin mutum, a aike ta cikin ƙwayoyin, a zauna a ga abin da zai faru. Farfesar da ke shugabantar ɗakin kuwa ba ta gajiya da shaida wa baƙi cewa ya kamata mace ta fara shan maganin folet tun kafin ciki ya shiga, domin a makonnin farko kashin bayan jariri ke rufewa. Agogo ya haddace jawabin, don shi ke kunna mata majigi.

Da 'yarsa ta fari ta yi aure, ya sayi kwalba guda ta maganin. Sau uku ya kai ta har falon yarinyar a aljihu. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar maigidan, ya yaba labule. Uba ya dubi idon 'yarsa ya yi mata zancen ciki? Ya ƙudura zai ba uwarta ta kai, sai ya tuna ita ma sai an yi mata bayani. Kwalbar ta koma aljihun tebur, kusa da takardun neman hutu.

* * *

Kiran matarsa ya same shi da safar hannu. Yarinya ta sauka, namiji ne, amma ta ce ya zo asibiti yanzu.

Likitan matashi ne. Ya zana kashin baya a bayan wata takarda, ya nuna inda bai rufe ba, yana magana a hankali yadda ake yi wa wanda bai je makaranta ba. Tiyata za ta rufe wurin, in ji shi, amma ƙafafu ba zai yi alkawari ba. Maganin folet ba kullum yake hanawa ba, sai dai sau da yawa yakan hana. Ta sha kafin ciki? Yarinyar ta ce ba wanda ya gaya mata.

Ta juyo daga kan matashin kai, fuskarta a kumbure.

"Baba, ashe ko ku da ke cikin abin ba ku sani ba."

"Mu ƙwayoyi muke dubawa," ya ce, idonsa a kan zanen.

"Na sani. Da kun sani, ai da kun faɗa mini."

* * *

Washegari ƙarfe takwas ƙwayoyin suka sami rabonsu. Ya cire safar, ya ja aljihun tebur. Kwalbar na nan da ledar bakinta, wa'adinta ya ƙare tun watan jiya. Ƙa'idar ɗakin ita ce a yi wa irin wannan jan layi a jefa a kwandon shara.

Ya ja layin a miƙe, da kyau. Sa'an nan ya mayar da ita inda take.