Tukunyar Salihu

Shekara bakwai Dela ta yi tana jiran haƙoran Na'ibi su zube. Ba ta taɓa roƙon Allah ya kashe shi ba, don a ganinta mutuwa ta yi masa sauƙi.

Mijinta Salihu ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Jidda. A can wani kuku mutumin Jawa ya koya masa taliya da naman sa, wanda ake dafawa da baƙin ruwan waken suya tun asuba har ya yi laushi tuɓus. Salihu ya bar dako, ya kafa tukunya a bakin tashar, kusa da tukubar Na'ibi mai tsire. Kafin wata biyu 'yan dako sun koma wajen taliya, tsire yana bushewa a kan tsinke. Sai rannan Na'ibi ya tsaya gaban Hamad umda, wato mai unguwa, ya rantse da Allah naman alade ne, wai da idonsa ya ga ana sauko da shi daga jirgin Nasara.

An bincika ba a sami komai ba, amma wa ya damu? Masu ci suka watse. Maƙwabtan da Dela ta taɓa zuba wa abinci suka hau wanke kwanoninsu da ƙasa. Salihu ya koma dako da furfurarsa, shekara ba ta zagayo ba ya faɗi ƙarƙashin buhun shinkafa, bai tashi ba. A zaman makoki Dela ta ji wata tana raɗa, "Wane Salihun? Mai aladen?" Daga ranar ta ƙudura sai ta cire wannan suna daga kan mijinta, kuma da bakin wanda ya liƙa masa.

Da labari ya iso mata cewa Na'ibi ya koma shan kunu, mai tsire ba ya iya tauna tsirensa, sai ta sauko da tukunyar daga bayan ɗaki. Ta kafa ta a wani lungu na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kan hanyarsa ta zuwa masallaci. Fuskarta a rufe kamar sauran mata masu saye da sayarwa, ba a ganin komai sai hannu da ludayi.

Kwana uku yana wucewa yana shaƙar ƙamshi, a na huɗu ya zauna. Ya ga baƙin naman, ko gezau bai yi ba. Ƙaryar da ta kai mutum kabari, shi ko tuna ta ba ya yi. Ya kai loma, naman ya narke a dasashinsa, har ya lumshe ido.

"Ya hajja," in ji shi, "wallahi wannan ko jariri ya ci."

Haka ya yi ta zuwa kwana arba'in. Dela tana zaɓar masa tsoka mai taushi, tana ƙara masa romo, zuciyarta kuwa tana tafasa fiye da tukunyar. Ta tsane shi har tsukewar bakinsa, amma ba ta taɓa bari kwanonsa ya huce ba. Ranar wata Alhamis ta ce masa, "Malam, gobe ka kawo mini umda. Sadaka ce zan yi."

Bayan sallar Juma'a benci ya cika. Hamad yana ci yana gyaɗa kai, Na'ibi a gefensa yana zuba yabo kamar shi ya dafa. Dela ta bari sai da ya suɗe kwano, sannan ta ɗaga murya.

"Ya umda, ni ce Dela matar Salihu. Wannan tukunyarsa ce, dahuwarsa ce, har mahaucin da ya sayar masa shi ya sayar mini. A gabanka mutumin nan ya rantse alade ne. To, kwana arba'in ke nan yana ci. Ka tambaye shi: alade ya ci, ko rantsuwar ƙarya ya yi?"

Cokula suka tsaya. Na'ibi ya dubi kwanon, ya dubi bakin lungu, amma jama'a sun tare hanya.

"Yalla, ya Na'ibi," in ji Hamad. "Wanne ne?"

"Ƙarya na yi."

"Na baya ba su ji ba," in ji Dela.

Ya sake faɗa da ƙarfi, da bakin nan nasa wayam.

Hamad ya miƙa wa Dela kwanonsa. "Halas, shi ke nan. Matar Salihu mai taliya, a ƙara mini romo."

Ta ƙara masa. Sannan ta ɗauki kwanon Na'ibi, ta durƙusa a tsakiyar lungu, ta ɗebi ƙasa ta cuɗa shi, ta wanke shi sau bakwai, yadda ake wanke kwanon da kare ya lasa. Na'ibi yana zaune yana kallo, ba wanda ya matsa masa ya wuce sai da ta gama.