Tabarma a Kan Panno

Alkasum na ƙara ɗaure tabarmar da iska ta yaye daga kan panno, allunan hasken ranar da ke tuƙa famfon ƙauyensu na gefen Hamdara, sai ga kawunsa Ɗanƙarami da sanda.

"Ɗaure da kyau, ɗana. Kar ka bar musu ido ko ɗaya."

"Kawu, yau kwana shida ke nan. Ko ɗigo ba a yi ba."

"Bakwai muka ce."

Tun da damina ta yi jinkiri wata murya ke yawo a wayoyin mutane, wai ƙyallin panno ne ke kore hadari. Alkasum, mai kula da famfon, ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya ce Mirriya cike take da panno, kuma an yi ruwa can sau biyu. Kawu ya ce na Mirriya a kan rufi suke, nasu kuwa gabas suke kallo, inda hadari ke tasowa. Alkasum ya ce Droum ma shiru, a unguwannin da ba panno. Aka ce wannan laifinsu daban ne.

Da ya gaji, shi da bakinsa ya kawo shawara a gaban mai gari: a rufe su kwana bakwai. In ba a yi ruwa ba, a buɗe, a daina zancen. In an yi, a kwance su. A lokacin gani yake ya yi wayo.

A hanyar gida ya tarar da Maimuna, matarsa, ta sauke bido, jarkar ruwa, a gindin gawo tana haki, hannu ɗaya dafe da cikinta na wata bakwai. Tun da aka rufe panno famfo ya tsaya, tsohuwar rijiya kuwa tafiyar awa guda ce.

"Saura kwana ɗaya, Muna," ya ce, ya ɗauki bidon.

"Haka ka ce jiya, saura biyu. Kai da ilminka, ƙafata ce ke biya."

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Alkasum ya tsaya a tsakar gida yana kallo. Geronsa na bushewa a gona kamar na kowa, ya rasa abin da zai roƙa. Sai iska mai sanyi ta taso, ƙasa ta yi ƙamshi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Guɗa ta tashi a maƙwabta.

Kawu ya leƙo ta kan katanga, sharkaf, yana dariya har da hawaye.

"Alhamdu lillahi! Ka gani da idonka ko? Gobe da safe ka zo da kayan aikinka na kwancewa."

Maimuna ta turo wa Alkasum babban baho da ƙafa.

"Tara a bakin indararo," ta ce a hankali. "Duk abin da ka samu yau, gobe ba ni zuwa rijiya."