Bargon Kurangar Inabi

A garin Yoichi na ƙasar Japan, kafin hunturu ya kankama, Tetsuo yakan kwance kurangar inabinsa ya kwantar da ita ƙasa, don dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta kamar bargo. Wadda aka bari tsaye, sanyi ke kashewa.

Ranar da ya gama, ya shigo yana tari. Matarsa Fusako ta ajiye masa gasasshen naman rago da jar giyar gonarsu.

"Maigida, ka lulluɓe itace, kai ko hula babu!"

Ya kurɓa ya ce, "Ɗanɗana ki ji yadda take yanke maiƙo. Aikin sanyi ne."

"Ita ya yi wa rana. Kai kashe min kai zai yi." Ta jawo bargo ta rufa masa har kunne. "Kai ne kuranga ɗaya da ta saura ba a kwantar ba."